Ɗan hakin da aka raina: Yadda ƙananan ƙungiyoyi suka wuce Kaduna a fagen ƙwallon ƙafa

Tun daga shekarar 2019 har zuwa kakar wasa ta 2025/2026, Jihar Kaduna ba ta da ƙungiya ko ɗaya a babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Najeriya. Wannan jiha ce da ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da miliyan shida, ta zo ta uku bayan Kano da Legas, kuma babban birninta ne tsohuwar hedikwatar Jihar Arewa. A tsawon waɗannan shekaru Kano da Katsina da Neja da Nasarawa da Filato da Bauchi, wato jihohin da suka yi iyaka da ita, duk sun taka leda a babbar gasar. Ma'aikacin da ya baro Abuja zuwa gida hutun ƙarshen mako, ko ta hanyar Kaduna ya sauka Sabon Tasha, ko ta Keffi ya nufi Kafanchan, zai tarar da gidajen kallon ƙwallo cike maƙil, amma Arsenal da Chelsea da Barcelona ake yi wa ihu.

Abin da ya fi ciwo ga tsofaffin magoya baya shi ne irin ƙungiyoyin da suka sha gaban Kaduna. Da Enyimba ce ko Rangers ta Inugu, da sai a ce ƙarfi ne ya fi ƙarfi. Amma ƙungiyoyin da suka riƙa karɓe gurbin hawa babbar gasa, suna barin na Kaduna a rukuni na biyu, yawancinsu ba a haife su ba lokacin da Ranchers Bees ke karawa da zakarun Afirka. Yadda aka kai ga haka labari ne na masana'antu da suka mutu da kuma ƙungiyoyin da ba a taɓa gina musu ƙafar tsayawa da kansu ba.

Lokacin da Kakuri ke ciyar da ƙwallo

Ƙwallon Kaduna a masana'anta ta girma. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, daga baya UNTL da Arewa Textiles suka biyo. A 1964 aka kafa kamfanin ƙera makamai na DIC, shi ma a Kakuri. Kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975, matatar mai kuma a 1980. Dubban ma'aikata daga Kagoro da Zonkwa da Kwoi da Kachia, da wasu daga ƙasar Tibi da ta Yarabawa da ta Ibo, suka cika unguwannin kudancin kogin Kaduna, daga Kakuri da Nasarawa da Barnawa har zuwa Sabon Tasha.

A wancan zamani kamfani mai ji da kansa yakan riƙe ƙungiyar ƙwallo. Ɗan wasa ma'aikaci ne, sunansa na cikin takardar albashi, kuma idan ƙafa ta gaza yana da aikin da zai koma. Magoya baya ba a nemo su ba, abokan aikinsa ne da iyalansu. A ƙungiyar UNTL Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, ya fara fitowa kafin ya koma Shooting Stars ta Ibadan. Ƙungiyar DIC Bees kuwa ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale a 1983, inda Rangers ta doke ta.

DIC Bees ce ta koma Ranchers Bees bayan da attajiri Alhaji Mukhtar Aruwa, wanda daga baya ya zama sanatan Kaduna ta Tsakiya, ya karɓe ta. A hannunsa ƙungiyar ta kai ƙololuwa. A 1987 ta sake zuwa wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, Abiola Babes ta yi nasara a kanta. A 1988 ta wakilci Najeriya a gasar Afirka ta masu riƙe da kofunan ƙalubale, ta je har wasan ƙarshe, inda CA Bizertin ta Tunisiya ta sha da ƙyar da ci ɗaya tilo a wasa biyu. A 1989 ta ɗauki kofin WAFU na Afirka ta Yamma bayan ta doke ASEC ta Abidjan. A cikin wannan tawaga akwai wani matashi mai suna Daniel Amokachi, wanda a 1990 ya wuce Club Brugge ta Beljiyam.

Duk mai son auna abin da Kaduna ta ba Najeriya, ya duba wasa biyu. Ranar 21 ga Yunin 1994, a wasan farko da Najeriya ta taɓa bugawa a gasar cin Kofin Duniya, ta ci Bulgeriya 3-0 a birnin Dallas. Yekini ya ci ta farko, Amokachi ya ci ta biyu. Ranar 3 ga Agustan 1996, a wasan ƙarshe na Olamfik ɗin Atlanta, Najeriya ta doke Ajantina 3-2. Celestine Babayaro ya ci ta farko, Amokachi ya ci ta biyu. A tawagar ta Atlanta akwai kuma Tijjani Babangida da Garba Lawal da mai tsaron gida Emmanuel Babayaro. Dukkansu 'ya'yan Kaduna ne.

Sai dai tun a lokacin bango ya fara tsagewa. Babangida daga Niger Tornadoes ta Minna ya tafi Turai, Celestine Babayaro kuma daga Plateau United ta Jos. Ma'ana, tun farkon shekarun 1990 yaron Kaduna mai hazaƙa ya fara ganin cewa hanyarsa ta ci gaba ta wata jiha ta bi. Masaƙun da suka riƙe ƙwallon suna ta ja da baya saboda tsadar wuta da kwararowar atamfar waje. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Ranchers Bees, wadda ƙarfinta ya dogara ga aljihun mutum ɗaya, ta shiga hawa da sauka tsakanin rukuni na ɗaya da na biyu.

Shekarar da Kaduna ce ɗan hakin

Gwamnatin jiha ce ta cike gurbin da kamfanoni suka bari, ta hanyar Kaduna United. A 2010 ƙungiyar ta yi abin da babu wata ƙungiyar Kaduna da ta taɓa yi: ta ɗauki Kofin Ƙalubale na ƙasa. A filin wasa na Sani Abacha da ke Kano aka buga wasan ƙarshe, abokiyar karawarta kuwa Enyimba ce, wadda ta lashe gasar lig a shekarar, kuma ta taɓa ɗaukar kofin zakarun Afirka sau biyu a jere, 2003 da 2004. An tashi 3-3, Kaduna United ta yi nasara a bugun fenareti, ƙarƙashin koci Maurice Cooreman ɗan Beljiyam. A ranar, Kaduna ce ƙaramar ƙungiyar da babba ta raina.

A 2011 ta shiga gasar Confederation ta Afirka. Étoile du Sahel ta Tunisiya ta ƙi zuwa Najeriya a lokacin rikicin da ya biyo bayan zaɓen watan Afrilu, rikicin da ya yi mummunar ɓarna a Kafanchan da Zonkwa da wasu sassan jihar, aka ba Kaduna United nasara. Daga nan ta fitar da ES Sétif ta Aljeriya, ta shiga zagayen rukuni tare da Club Africain da ASEC da Interclube ta Angola. Ba ta wuce nan ba, amma ga ƙungiyar da ke zuwa Afirka karon farko, wannan abin a yaba ne.

Shekara uku kacal bayan haka, a 2014, ES Sétif ta ɗauki kofin zakarun Afirka. A wannan shekarar ce Kaduna United ta faɗa rukuni na biyu, tare da Gombe United da Crown ta Ogbomosho da Nembe City. Labarin da ya fi fitowa daga sansaninta a lokacin shi ne na bashin albashi da kuɗin sa hannu. 'Yan wasan da ta rena, irin su Efe Ambrose da Reuben Gabriel, sun riga sun kama gabansu, kuma su biyun suna cikin tawagar Super Eagles da ta ɗauki kofin Afirka a 2013. Gombe United ta farfaɗo ta koma babbar gasa. Kaduna United ba ta koma ba.

Gurbin da ya ƙare a Ilori

A watan Janairun 2019 aka yi gasar ƙungiyoyi takwas ta rukuni na biyu a Aba, inda huɗu suka samu hawa: Kada City ta Kaduna, da Bendel Insurance, da Gombe United, da Remo Stars. Kada City ƙungiya ce mai zaman kanta, kuma jagoranta shi ne Ekene Adams, wanda a 2023 ya zama ɗan Majalisar Wakilai mai wakiltar Chikun da Kajuru, mazaɓar da Sabon Tasha ke ciki, ya kuma shugabanci kwamitin wasanni na majalisar har zuwa rasuwarsa a watan Yulin 2024.

Murnar ba ta daɗe ba. Riƙe ƙungiya a babbar gasa na cin kuɗi: albashi, da tafiyar mota daga wannan kusurwa ta ƙasa zuwa waccan, da masauki, da kula da filin wasa. Kafin kakar ta ƙare Kada City ta sayar da gurbinta ga Delta Force. Kafin shekarar ta fita, Delta Force ita ma ta sayar da shi ga Kwara United, wadda ta faɗi a wannan kakar. Gurbin da 'yan wasan Kaduna suka samo da guminsu a Aba, a Ilori ya ƙare, kuma a 2025 Kwara United ta ɗauki Kofin Ƙalubale.

Yana da kyau a bi sawun Remo Stars, wadda suka hau tare. Ikenne ƙaramin gari ne a Jihar Ogun, bai kama ƙafar Kaduna ba ta kowace fuska. Remo Stars ta faɗi a 2017, ta hau, ta sake faɗuwa a 2019. Mai ita, Kunle Soname, bai sayar ba. Ya gina wa ƙungiyar filin wasa nata na kanta da masaukin 'yan wasa, ya kafa makarantar renon matasa ta Beyond Limits. Da ta dawo, ta zo ta uku a 2022, ta biyu a 2023 da 2024, sannan a 2025 ta lashe gasar ƙarƙashin koci Daniel Ogunmodede. Rabon da ƙungiya mai zaman kanta ta yi haka tun Ocean Boys a 2006. Babu wata ƙungiyar Kaduna da ta taɓa lashe gasar lig ta ƙasa tun da aka fara ta a 1972.

A shiyyar Arewa ta rukuni na biyu ma haka abin yake. Katsina, wadda aka cire daga Jihar Kaduna a 1987, ƙungiyarta ta hau, ta faɗi a 2022, ta koma a 2023. Jigawa Golden Stars da Adamawa United sun hau a 2019. Doma United ta Gombe ta hau a 2022. Barau FC, wadda Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa Barau Jibrin ya kafa, ta hau a 2025 tana jaririya. A duk waɗannan shekaru ƙungiyoyin Kaduna suna kallo ana wuce su.

Me ya sa suna ba ya cin wasa

Rukuni na biyu wuri ne da tarihi ba ya amfani. Filaye ba su da kyau, tafiya na da nisa, cin wasa a waje yana da wuya, kuma kakar gajera ce, saboda haka wasa biyu ko uku da aka zubar sun isa su kashe shekara guda. Ƙungiyar da ke hawa ita ce wadda ta tara 'yan wasanta da wuri, ta biya su a kan kari, ta bar koci ya yi aikinsa. Ƙungiyar da ke jiran a sa hannu a takardar fitar da kuɗi kafin ta ɗauki 'yan wasa, takan shiga gasa da tawagar da aka harhaɗa cikin mako biyu. Duk ma'aikacin gwamnati ya san tazarar da ke tsakanin amincewa da kasafi da fitowar kuɗi. Jadawalin gasa ba ya jiran wannan tazara.

Akwai kuma sauyin shugabanci. Ƙungiyar gwamnati takan samu sabon kwamitin gudanarwa duk lokacin da aka yi sabon gwamna ko sabon kwamishina, sabon kwamiti kuma yakan zo da kocinsa da 'yan wasansa. Wannan ciwo ba na Kaduna kaɗai ba ne. Kano Pillars, mai kofin lig huɗu, ta faɗi a 2022; Heartland ta Owerri, wadda ta je wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 2009, ita ma ta faɗi tare da ita. Bambancin shi ne Pillars na da magoya bayan da ba za su bar kowace gwamnati ta yi barci ba har sai ƙungiyar ta koma, kuma ta koma cikin shekara ɗaya.

A nan ne matsalar Kaduna ta fi zurfi. Rikicin shekarar 2000 ya raba birnin gida biyu, kogi ya zama iyaka, jama'a suka yi ta ƙaura zuwa ɓangaren da suke ganin sun fi samun kwanciyar hankali. Sabon Tasha da maƙwabtanta sun cika sun batse a wannan lokaci. Manyan filayen wasa biyu na birnin, na Ahmadu Bello da na Ranchers Bees, duk suna arewacin kogin. Ƙungiyar da ke ɗauke da sunan jiha ba ta taɓa zama ta mutumin Kafanchan ko Saminaka ko Kachia ba kamar yadda Pillars ta zama ta mutumin Wudil ko Bichi. Shi ya sa da ta faɗi, ba a ji kukan da ya kai girman asarar ba.

Ba a rasa masu son kallo ba. Ranar 25 ga Maris 2016, da Najeriya ta karɓi baƙuncin Masar a filin Ahmadu Bello, jama'a sun ninka abin da filin zai iya ɗauka, wasu har kan turakun fitilu suka hau, aka tashi 1-1 bayan Mohamed Salah ya farke ƙwallon Oghenekaro Etebo ana dab da tashi. Filin ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999 da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. A 2019 a nan Pillars ta doke Niger Tornadoes ta ɗauki Kofin Ƙalubale, kuma a kakar 2020/2021 nan Pillars ta mayar gidanta. Kaduna ta zama zauren da ake ara a yi bikin wasu.

Darasi daga ƙasa mai nisa

Akwai wurin da irin wannan faɗuwa ta faru a tsarin da ba a sayen ɗan wasa, saboda haka ana iya ganin maganinta a fili. A ƙasar Ireland ana buga wata ƙwallo ta gargajiya da ake haɗa hannu da ƙafa, inda gundumomi ke karawa da juna. 'Yan wasan ba su karɓar albashi, kuma bisa al'ada kowa gundumarsa yake bugawa. Gundumar Meath ta ɗauki kofin ƙasa sau bakwai, na ƙarshe a 1999, daga nan ta yi ta zamewa. A 2023 Offaly, wadda ke rukunin ƙasa da ita, ta fitar da ita daga gasar lardi, abin da ya jefa ta gasar masu rauni ta Tailteann. Meath ta shiga da matasa, ta ɗauki wannan ƙaramin kofi a shekarar. A 2025 ta doke Dublin, wadda ta riƙe kofin lardin shekara 14 a jere, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe na ƙasa.

Tun da ba ta da damar sayo kowa, dole Meath ta koma ga ƙananan kulob na garuruwanta da makarantunta. Kaduna na da ƙananan hukumomi 23. Kafanchan, mahaɗar jiragen ƙasa tun shekarun 1920, tana da filin wasa na gari. Kowace Disamba, idan 'yan Abuja da Legas suka koma gida Kirsimeti, garuruwan kudancin jihar kan shirya gasar ƙwallo ta unguwanni da ƙauyuka, yawanci da kuɗin 'yan siyasa ko ƙungiyoyin ci gaban gari. Ana raba kofi da 'yan kuɗi, a watse sai baɗi. Babu wata tsayayyar hanya da ke ɗaukar yaron da ya yi fice a Zonkwa ko Kagoro ta kai shi ƙungiyar jiha. Wanda ya yi sa'a, wani ɗan uwa ne zai kai shi Jos ko Abuja.

Abin da ya rage a yi

A 2025 aka sanar cewa ɗan wasan gaba na Super Eagles Sadiq Umar, haifaffen Kaduna, wanda ya ci ƙwallo biyu a wasan da ya ba Najeriya tagulla a Olamfik ɗin Rio a 2016, ya shiga harkar mallakar Ranchers Bees tare da ɗan Majalisar Wakilai Bello El-Rufai. Labari ne mai daɗi, domin da tsohuwar zuma ake magani, kuma babu sunan da ke motsa zuciyar tsofaffin magoya bayan Kaduna kamar wannan. Sai dai tarihin da aka bi a sama ya nuna cewa hawa babbar gasa ba shi ne ƙarshen aiki ba. Kada City ta hau, ba ta kai ƙarshen kaka ba. Ranchers ɗin kanta ta taɓa dogara ga mutum ɗaya, kuma an ga inda aka kwana.

Ma'aunin da ya kamata a riƙa duba kowace ƙungiyar Kaduna da shi a bayyane yake. Shin tana da rajista a matsayin kamfani, da asusun da ake bincika duk shekara? Shin tana da yarjejeniyar filin wasa ta shekaru, wadda sauyin gwamnati ba zai rusa ba? Shin tana da tawagar matasa da ke ɗebo yara daga ɓangarorin kogin biyu da kuma kudancin jihar? Shin idan ta sayar da ɗan wasa Turai, kuɗin na komawa asusunta? Dokokin FIFA sun tanadi kaso ga ƙungiyoyin da suka reni ɗan wasa tun yana yaro, amma sai wadda ta yi masa rajista ta adana takardu ke iya karɓa.

A ɓangaren tarayya kuwa, tun watan Oktoban 2024 aka rushe ma'aikatar wasanni aka mayar da aikinta ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa, ƙarƙashin Shehu Dikko, wanda ya shafe shekaru yana shugabantar kamfanin da ke gudanar da gasar lig, ya kuma san yadda ake cinikin gurbi da yadda bashin albashi ke karya ƙungiya. 'Yan majalisa da hadimansu, waɗanda ke tsara ayyukan mazaɓu, su ma suna da ta cewa. Kuɗin da ake kashewa a gasar mako biyu ta Disamba, da za a karkata wani kaso nasa ga gasar makarantun sakandare mai jadawali, da horar da masu koyarwa, da gyaran fili ɗaya a Kafanchan ko Kachia, da an samu abin da zai wuce zangon mulki ɗaya.

Ƙungiyoyin da suka wuce Kaduna ba su fi ta yawan yara masu hazaƙa ba. Ikenne ba ta haifi Yekini ko Amokachi ba. Abin da ta yi shi ne ta faɗi sau biyu ba ta watse ba, ta riƙa biyan albashi, ta gina wurin da yaro ɗan shekara 14 zai shiga ya fito ɗan wasa. Ranar da yaron Sabon Tasha ko na Kagoro zai ga irin wannan wuri a jiharsa, ranar ce Kaduna za ta daina rena wa wasu 'yan wasa.